Ku Tambayi Malam: Mai Azumi da Mai Yunwa

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta gabata, ina cikin amsa wata tambaya kan tsadar hatsi, sai na ambaci wani masani ɗan ƙasar Indiya mai suna Amartya Sen. Magana biyu na kawo daga gare shi. Ta farko, sau da yawa yunwa kan kashe mutane alhali ga abinci jibge a kasuwa. Ta biyu, babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da talakawa ke iya sauke shugabanninsu da ƙuri'a, ƴan jarida kuma ke faɗin abin da suka gani ba tsoro. Layi huɗu ne kacal, amma sun jawo mini wasiƙu fiye da duk abin da na rubuta bana. Ga huɗu daga ciki.

Daga wani ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ɗan asalin Gidan Rumji: "Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan manomi ne. Na san shekarar da muka leƙa rumbu tun kafin ruwan shuka muka tarar babu ko dami ɗaya. Wanda zai ce yunwa ba rashin abinci ba ce, anya ya taɓa kwana da ita? Wane ne wannan mutum, kuma me ya haɗa maganar ciki da maganar ƴanci?"

Ɗana, ka canka daidai: bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma bai ɓoye ba. Daga nan ma tunaninsa ya faro.

An haife shi a 1933 a Santiniketan, wani ƙaramin garin makaranta a yankin Bangal. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa yana koyar da ilimin sinadarai a jami'ar Dakka, kakansa na wajen uwa kuma masanin tsofaffin littattafan Indiya ne. Mawaƙin nan Tagor, wanda ya kafa makarantar garin, shi ya raɗa masa suna, ma'anarsa wanda ba ya mutuwa. Mu dai mun san kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, kuma shi ma ya leƙa ta tun yana saurayi, don yana ɗan shekara 18 ciwon daji ya kama shi a baki, da ƙyar ya sha.

Yana ɗan shekara tara, a 1943, yunwa ta faɗa wa Bangal. Mutum miliyan biyu zuwa uku suka mutu. Ya ga mutane sun biyo hanya, ƙashi da fata, suna neman hanyar Kalkata, babban birnin Bangal. Kakansa ya ba shi izinin ya riƙa auna shinkafa da gwangwanin taba sigari yana bai wa duk wanda ya zo ƙofar gida. Gwangwani ɗaya, ba ƙari. Abin da ya tsaya wa yaron a rai shi ne, a danginsu kaf, da abokan karatunsa kaf, babu wanda yunwar ta taɓa. Ta ɗauki masu aikin ƙwadago a gonakin wasu, ta ɗauki masunta da wanzamai da masu ƙananan sana'o'i, ta tsallake gidajen malamai da ma'aikata kamar an shata mata layi. Wace irin annoba ce take tambayar sana'ar mutum kafin ta shiga gidansa?

Tambayar ta bi shi har Kambirij a Ingila, inda ya karanci tattalin arziki da falsafa, ta bi shi har 1981, lokacin da ya fitar da littafinsa kan talauci da yunwa. Ya koma kan alƙaluman amfanin gona, ya nuna cewa shinkafar da ke Bangal a 1943 ba ta gaza ta 1941 ba, kuma a 1941 ba a yi yunwa ba. Abin da ya canza shi ne yaƙin duniya. Japan ta kama ƙasar Bama, maƙwabciyar Bangal, gwamnatin Turawan Ingila ta zuba kuɗi a Kalkata don sojoji da masana'antun yaƙi, farashin shinkafa ya ninka ya sake ninkawa, ladan ɗan ƙwadago na ƙauye kuwa yana nan inda yake. Akwai masana tarihi da ke jayayya da shi kan yawan shinkafar, suna cewa cutar shuka ta yi ɓarna fiye da yadda ya ƙiyasta. Amma kan su wane ne suka mutu da dalilin da ya sa su ne, maganarsa ta zauna. A littafin ya duba Habasha ta 1973, inda aka riƙa fitar da hatsi daga lardin Wollo mutanen lardin suna mutuwa. Ya duba Bangaladash ta 1974, inda ambaliya ta ɗauke wa ƴan ƙwadago aiki. Ya duba har Sahel ɗinmu na farin farkon shekarun 1970, inda makiyayi ya kora dabba kasuwa ya tarar kuɗinta ba ya sayen hatsin da yake saye a da.

Yanzu bari in dawo da kai gida, don gani ya kori ji. A daminar 2005 ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Maradi. Wata ranar kasuwa na je sayen hatsi, buhu ya doshi jika talatin. Ban manta ba, buhuna tsibi-tsibi har sun fi tsayina, manyan motoci ana yi musu lodi. A gefen rumfar da na tsaya akwai wata mata zaune a ƙasa, goye da yaro wanda gashinsa ya yi ja ya kwanta. Ta kwance ƙunshi, sai ga kwanonin jerenta guda uku, irin masu fure, ta goge su suna ƙyalli. Su take son a karɓa a auna mata tiya biyu. Tsakanin gwiwarta da buhu na farko bai kai taku uku ba. Na saya mata tiya biyun, na ce ta mayar da kwanoninta, na tafi gida ina ganin na yi abin kirki. Sai da dare na zauna ina lissafi: tiya biyu, a gida mai baki bakwai ko takwas, kwana nawa ce? Can ƙauyensu ana tafasa anza ana zubar da ruwan ɗacin, ana cin ganyen jiga. A shekarar, giɓin hatsi na ƙasa baki ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muke ci ba. Fara da ƙarancin ruwa sun yi ɓarna a 2004, ba wanda ya musa. Amma jihar Maradi, wadda ake kira rumbun Nijar, ita ce ta cika cibiyoyin tamowa da yara.

Rumbun gidanku fanko ne, ɗana, gaskiya ne. Sen bai ce ƙarya kake ba. Cewa yake, ka ci gaba da tambaya: da rumbu ya ƙare, me ya hana gidanku isa ga hatsin da ke kasuwa? Akuyar da za a sayar ta faɗi? Aikin barema ya yi wuya, ko ladansa bai kai tiya ba? Hatsin da aka girbe an biya bashi da shi tun a kaka? Dattawanmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Yunwar 1984 ba su sa mata sunan fari ba, El Buhari suka ce mata, saboda a shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, hanyar hatsi da ta ci-rani ta toshe.

Inda ƴanci ya shigo kuwa, wani labari ne na biyu. Yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya, a Dakka, lokacin da ake rikici tsakanin Musulmi da mabiya addinin Hindu, wani mutum ya faɗo cikin gidansu jina-jina, an soke shi da wuƙa. Sunansa Kader Mia, Musulmi ne, ɗan ƙwadago, ya shigo unguwar Hindu neman aikin yini. Yaron ya ba shi ruwa, mahaifinsa ya garzaya da shi asibiti. Kafin ya cika, ya ce matarsa ta roƙe shi kada ya fita ranar, amma babu abin ɗorawa a murhu. Babu dokar da ta tilasta wa Kader Mia fita. Babu sarkin da ya aiko a kama shi. A takarda mutum ne mai cikakken ƴanci. Sai dai ƴancin zama a gida ranar da ake kisa a titi, wannan ba shi da shi, talauci ya ƙwace.

Saboda haka Sen ya ce kada a auna ƴanci da abin da doka ta halatta kawai, kada kuma a auna jin daɗi da kuɗin da ke aljihu kawai. A duba abin da mutum zai iya yi da gaske, da irin rayuwar da zai iya zaɓa. Misalin da yake bayarwa mu ne muka fi kowa gane shi: mai azumi da mai yunwa. Da la'asar, cikinsu ɗaya, leɓɓansu a bushe iri ɗaya. Amma ɗaya ya ajiye abinci ne don Allah, yana jiran kiran magariba, ɗayan kuwa magariba za ta yi ta wuce bai ga komai ba. Haka gurgu da mai ƙafa in ka ba su jika goma goma ba ka daidaita su ba, don gurgu zai kashe rabin nasa wajen isa inda ɗayan zai taka da ƙafa. Wannan tunani ne ya shiga ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, wanda ya taimaka wa abokinsa Mahbub ul Haq na Pakistan wajen tsara shi. Ma'aunin yana haɗa tsawon rai da ilimi da abin hannu, kuma shekaru da yawa sunan ƙasarmu yana can ƙasan jerin. A 1998 aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki. An fassara manyan littattafansa da Faransanci, ka neme su.

Daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa: "Malam, shekara talatin ina wannan sana'a. Duk lokacin da aka shiga tsada mu ake zagi. Shi ma wannan Ba'indiyen mu yake nufi ke nan?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. A'a, ba maƙiyin kasuwa ba ne. Yana ganin saye da sayarwa wani yanki ne na ƴancin ɗan Adam, kuma hana su zalunci ne. Abin da yake cewa shi ne kasuwa kuɗi take ji, ba ta jin kuka. A 2005 hatsi ya yi tsada a Nijeriya, buhu ya bi farashi ya nufi Jibiya da Dawanau, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Shi ya sa maganin da ya fi so shi ne hukuma ta buɗe ayyuka tun da wuri, ta biya talaka lada a hannu, sai ku da kanku ku kai hatsi ƙauye tunda akwai mai saye. An yi haka a jihar Maharashtra ta Indiya a farin 1972 zuwa 1973, miliyoyin mutane suka samu aiki, aka tsallake ba tare da babbar mutuwa ba.

Amma akwai abu biyu da ba zan rufe ba, kuma ka fi ni saninsu. Ɓoye hatsi a sito ana jiran ya ƙara tashi alhali mutane na faɗuwa, hadisi ya riga ya kira mai yin sa mai laifi. Sai bashin damina, wanda ake bai wa manomi tiya a watan da ya fi galabaita, a karɓi ninki a kaka lokacin da hatsi ya faɗi. Manomin da ya shiga wannan zobe, yunwar baɗi ya riga ya sayo ta tun bana.

Daga wata ma'aikaciyar lafiya a Madarunfa: "Malam, a 2005 muna da zaɓaɓɓiyar gwamnati, muna da gidajen rediyo masu zaman kansu. Ni na auna yaran da hannuna, na ga zaren awo yana tsayawa a ja. Ina amfanin maganar mutumin naka?"

Ƴar'uwa, sannu da aiki, Allah ya saka. Wasiƙarki ce ta fi hana ni barci, kuma ba zan kare shi da ƙarfin tsiya ba.

Ga abin da ya dogara da shi. Indiya ta yi ta fama da manyan yunwa a ƙarƙashin Turawa har zuwa 1943, amma tun da ta samu ƴancin kai a 1947 ba a sake irinta ba. Sin kuwa, tsakanin 1959 da 1961, ta rasa mutane miliyoyi masu yawa, shi ya ɗauki ƙiyasin kusan miliyan 30, babu jaridar da ta isa ta buga, babu ɗan adawa da zai tashi a majalisa, jami'an ƙauye suna aika wa na sama rahoton yabanya ta yi kyau. Ko a Bangal, sai da jaridar Statesman ta Kalkata ta buga hotunan masu mutuwa a titi kafin London ta motsa. Dalilinsa mai sauƙi ne: sarki ba ya yunwa, saboda haka sai an samu abin da zai sa yunwar talaka ta zama matsalar sarki. Mu ma mun ga gefen wannan, don farin shekarun 1970 da yadda aka tafiyar da taimakon abinci suna cikin abin da ya share wa juyin mulkin Afrilun 1974 hanya.

A 2005 hukuma ta daɗe tana cewa ba yunwa ba ce, ta nace kan sayar da hatsi da rahusa ga mutanen da ko rahusar ba su da ita. Rabon kyauta bai kankama ba sai da damina ta yi nisa, bayan hotunan yaran Maradi sun zaga duniya. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar. Mai kare Sen zai ce ai surutun ne ya tilasta aka juya, kuma ba a kai ga irin ta Bangal ba. Ni a ganina wannan amsa ba ta isa a faɗa wa uwar da ta binne ɗanta a watan Yuli ba. Kuma ƙarar da aka ji, ta kafofin waje ce ta fi tasiri, ba ta matan ƙauye ba, wannan ma abin dubawa ne.

Abin da zan ba shi gaskiya a kai, shi da kansa ya ce ƙuri'a da jarida suna maganin yunwa mai ƙara, amma suna sakaci da mai shiru, wadda ke cin yara kaɗan-kaɗan kowace shekara ba ta zama labari. Ƙasarsa Indiya ya fara zargi da wannan. Kuma aikinki ya yi shi da hannunsa: ya riƙa hawa keke yana shiga ƙauyukan da ke kusa da Santiniketan yana auna nauyin yara, ya gano ƴan mata sun fi maza ramewa. Keken yana gidan tarihin Nobel yanzu. A 1990 ya rubuta cewa mata fiye da miliyan 100 sun ɓace daga lissafin duniya, waɗanda da an kula da su kamar maza a abinci da magani da suna raye. Ya ce inda mace ta yi karatu, take da abin hannunta, take da baki a gida, yara sun fi rayuwa. Ke kin san yadda gamana, ɗan filin da mace ke nomawa don kanta, take ƙanƙancewa a kudancin jiharmu saboda ƙarancin ƙasa, har wasu matan sun rasa ta ɗungum. Kin san gidajen da maigida ke tafiya ci-rani ya bar rumbu a rufe. Ina roƙonki ki rubuto mana abin da kike gani a wurin awo, zan ba ki shafin nan gaba ɗaya.

Daga wani malamin zaure a Tibiri: "Malam, mutumin nan ba Musulmi ba ne. Me zai koya mana game da adalci wanda babu a littattafanmu?"

Allah gafarta Malam, ba Musulmi ba ne, bai ma riƙi wani addini ba, kuma ban kawo shi don ya koya mana ibada ba. Asalin maganar muna da ita. A shekarar toka, shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu, ya kuma dakatar da haddin sata, don ya san hannun da yunwa ta miƙa ba shi da zaɓi. Abin da Sen ya ƙara shi ne ƙidaya: wa ya mutu, me yake sayarwa, nawa ladansa, nawa tiya. Mu mun iya wa'azi kan tausayi, amma ba kasafai muke zama mu yi wannan lissafin ba.

Kan adalci kuwa yana da wani misali a littafinsa na 2009, wanda ya sadaukar ga abokinsa John Rawls, masanin falsafa na Amurka, duk da a cikinsa yake jayayya da shi. Yara uku ne ke rigima kan sarewa ɗaya. Ta farko ta ce ita kaɗai ta iya busawa. Na biyu ya ce shi ne matalaucin cikinsu, ba shi da abin wasa ko ɗaya. Ta uku ta ce ita ta sassaƙa ta da hannunta. Duk ukun gaskiya suka faɗa. Rawls ya nemi a fara tsara ƙa'idojin al'umma mai cikakken adalci, irin waɗanda mutane za su zaɓa in ba su san a wane gida za a haife su ba. Sen ya ce masu hankali da kyakkyawar niyya za su iya saɓawa kan sarewar har abada, amma wannan ba hujja ba ce ta naɗe hannu. Ba sai mun daidaita kan cikakken adalci ba kafin mu yarda cewa bauta zalunci ce, ko cewa yaro ya mutu taku uku daga buhun hatsi zalunci ne. A fara cire wanda kowa ya gani.

Na ba jikokina labarin sarewar a tsakar gida bayan sallar isha'i. Babban ya ce ta mai sassaƙa ce, ba wata magana. Ƙanwarsa ta ce a ba mara abin wasa. Kakarsu, tana tankaɗen gari, ta ce a ba mai busawa kowa ya ji daɗi. Har aka shimfiɗa tabarmi ba su daidaita ba. Malam, ina son ka karanta wa ɗalibanka shi bayan darasu, ka rubuto mini wa suka ba, da hujjar kowannensu daga littafi.